Wasan bidiyo na taro ba sai da intanet ba

Malama, kin tambaya ko sai da intanet mai ƙarfi matasan kulob ɗin laburarenku za su iya buga wasan bidiyo tare. Ba dole ba ne. Ki haɗa kwamfutocinku da wayoyin kebul ta ƙaramin suwici guda (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna), ki saka musu SuperTuxKart (wasan tseren motoci) ko Luanti (wasan gine-gine da tubala). Duka biyun kyauta ne. Sau ɗaya za ki sauke su, daga nan yara su yi ta fafatawa ba tare da data ba.

Amma ki tsara layi tun ranar farko. Na sha ganin manyan samari sun kankane kujeru, 'yan mata da ƙanana na tsaye a baya suna leƙe, abin ba daɗi. A wurinmu kowa yana rubuta sunansa a allo, in ya cika minti 20 ya tashi ya ba na baya.