Amsa: Ina birnin Allegheny ya shiga?

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ka karanta cewa an haifi wasu sanannun Amurkawa a wani birni wai shi Allegheny a jihar Pennsylvania, ka duba taswira ka rasa shi, kana son sanin ko rushewa ya yi ko suna aka sauya masa. Wurin yana nan. Shi ne ɓangaren birnin Pittsburgh da yau ake kira North Side, a ƙetaren kogin Allegheny ta arewa. Tun Disamba 1907 ya daina zama birni mai cin gashin kansa, kuma mafi yawan masu zaɓensa ba su yarda ba aka haɗe shi.

Ba ƙaramin gari ba ne. An shata shi a 1788, ya zama birni a 1840, kuma a ƙidayar 1900 yana da mutum wajen 130,000, lokacin da Pittsburgh ke da wajen 322,000. Yana da magajin garinsa, majalisarsa, 'yan sandansa da babbar kasuwarsa. Masu shata shi sun bar fili na jama'a a tsakiya, suka zagaye garin da makiyaya mai faɗin eka ɗari da ɗoriya, wadda daga baya aka mayar wurin shaƙatawa. Nan Andrew Carnegie ya sauka da iyayensa daga Scotland a 1848, ya fara aiki a masaƙar auduga kan dala 1.20 a mako. Ɗakin karatun da ya gina wa garin an buɗe shi a 1890. Nan aka haifi mai zane Mary Cassatt da marubuciya Gertrude Stein. Kamfanin Heinz ma a nan ya kafa babbar masana'antarsa.

To me ya sa Pittsburgh ta ƙwallafa rai a kansa? Haraji da suna. Attajirai da yawa da ke cin kasuwa a Pittsburgh gidajensu na ƙetare, harajin gidajen kuma Allegheny ke karɓa. Sannan a zamanin biranen Amurka suna gasar yawan jama'a, don girman birni a ƙidaya yana jawo jari. New York ta riga ta haɗiye Brooklyn a 1898, kowa ya ga yadda ta kumbura. Mutanen Allegheny kuwa tsoronsu ɗaya ne: a ɗora musu bashin maƙwabciya alhali sun riga sun biya kuɗin nasu ayyukan.

Ga inda dabarar take, kuma shi ne abin da ya kamata ka riƙe. An sha neman haɗewar a baya, Allegheny tana ƙi. Muddin sai kowane birni ya amince daban, ba za a taɓa yi ba. Sai masu son haɗewa suka bar Allegheny suka tafi majalisar dokokin jiha. Wata doka da suka samo kotun jiha ta soke ta, don an ɗinka ta ne daidai jikin waɗannan birane biyu kaɗai, tsarin mulkin jihar kuwa ya hana irin haka. A 1906 aka sake rubuta ta da lafazi na kowa da kowa, aka sa sharaɗin cewa ƙuri'un biranen biyu wuri guda za a zuba a ƙirga. Daga nan magana ta ƙare tun ba a jefa ƙuri'a ba. A watan Yuni 1906 aka yi zaɓen raba gardama: a Allegheny kusan biyu cikin uku suka ce a'a, a Pittsburgh gagarumin rinjaye ya ce e, da aka haɗa jimla sai masu e suka cinye. Kamar a tara gida mai mutum goma da mai mutum huɗu ne a ce su ɗaga hannu kan wa zai mallaki rumbun ƙaramin.

Mazauna Allegheny suka garzaya kotu har Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da aka sani da Hunter da Birnin Pittsburgh. Hujjarsu ita ce za a ƙara musu haraji ba da yardarsu ba, wanda ya zama ƙwace dukiya ba bisa ƙa'ida ba. A Nuwamba 1907 kotun ta yi watsi da ƙarar. Mai shari'a William Moody ya rubuta hukuncin, ma'anarsa kuwa ita ce birni ƙirƙirar jiha ne: jiha na iya faɗaɗa shi, ta rage shi, ta haɗa shi da wani ko ta shafe shi, ko mazauna sun so ko sun ƙi. Har yau lauyoyin Amurka na kafa hujja da wannan hukunci a rikicin jiha da ƙaramar hukuma. A ganina zalunci ne da aka sanya wa rigar doka, sai dai kada a manta ita ma Allegheny ta haɗiye ƙananan maƙwabtanta irin su Manchester a shekarun 1860.

An ɗan ci moriya. A 'yan shekarun da suka biyo baya an cire kuɗin ƙetare gadoji, kuma tataccen ruwan famfo ya isa yankin, abin da ya rage zazzaɓin taifod da ya addabi biranen biyu. A ƙidayar 1910 Pittsburgh ta haura mutum 530,000. Magajin garin Allegheny na ƙarshe, Charles Kirschler, aka lallashe shi da kujerar mataimaki.

Babbar ɓarnar sai daga baya ta zo, lokacin da babu sauran majalisar da za ta ce a'a. An rushe ginin hukumar birnin, aka gina gidan kallon taurari na Buhl a wurin a 1939. A shekarun 1960, da sunan sabunta birni, aka baje gine-gine kusan 500 a tsakiyar tsohon garin, har da babbar kasuwa, aka dasa katafaren rukunin kantuna mai suna Allegheny Center, aka naɗe shi da titi mai zagaye. Titunan Federal da Ohio, waɗanda a da suke gicciye a tsakiyar gari, aka datse su. Mai tafiya a ƙasa ya rasa hanya, ciniki ya mutu, kantunan suka koma ofisoshi. Ɗakin karatun Carnegie, tsohon gidan waya da gidan kallon taurari na Buhl suna cikin 'yan kaɗan da suka tsira, sun tsaya kamar baƙi a garinsu.

Idan bincike kake yi, ga inda mutane ke tuntuɓe. Kada ka rikita birnin da gundumar Allegheny, wadda tana nan har gobe kuma Pittsburgh na cikinta. Sunayen tituna da yawa an sauya su bayan haɗewa don sun yi karo da na Pittsburgh. Titin Rebecca, inda iyalan Carnegie suka zauna, ya koma Reedsdale, saboda haka adireshin da aka rubuta kafin 1907 sai ka gwada shi da taswirar zamaninsa. Mazaɓun Allegheny 15 an narkar da su zuwa mazaɓu na 21 zuwa 27 na Pittsburgh, lambar tsohuwar mazaɓa ba za ta kai ka ko'ina ba a takardun bayan haɗewar. Kuma daga 1891 zuwa 1911 gwamnatin tarayya tana rubuta sunan Pittsburgh ba tare da harafin ƙarshe (h) ba, don haka ka nema da rubutun biyu.