Ga ƙanenmu da aka ba Tarihi a ƙaramar jami'a

Wa alaikumus salam. Ƙanena, sau biyu na karanta tambayarka. Ka ce Lauya ka nema aka ba ka Tarihi, a wata ƙaramar jami'ar jiha, kuma a gida ana cewa ka haƙura ka sake zana JAMB don Tarihi ba ya kawo abinci. Ni ma Tarihi na karanta, a makaranta irin taka, don haka ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙaramar makaranta tana da nata talaucin. Littattafan sashenmu gaba ɗaya ba su cika kanta biyu a laburare ba. Littafi ɗaya ajinmu duka ke rububi, wanda ya riga kowa ya kai shi shagon fotokwafi, sauran mu yi karo-karo. Malamanmu na dindindin ba su da yawa, wasu daga wata jami'a suke zuwa su haɗa mana lakcar mako uku a kwana biyu. Idan ka zauna jiran takardun da malami zai raba ka haddace, za ka fita da digiri, amma wallahi ba ka karanci Tarihi ba.

Sai dai akwai abin da muka samu wanda abokaina na manyan jami'o'i ba su samu ba. Mu ba mu kai arba'in ba a aji. Malami ya san sunanka da garinku, ya san rubutun hannunka. Shugaban sashenmu kan tsayar da kai a baranda ya ce, "Kai, wannan maganar da ka rubuta, wa ya faɗa maka? A ina ka gani?" Wannan tambayar ita ce karatun gaba ɗaya, kuma ba a iya yi wa mutum ɗari biyar ita a babban ɗakin lakca.

Mutane suna ɗauka Tarihi haddar shekaru ne: Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, an yi yaƙin Burmi a Yulin shekarar, tawayen Satiru a 1906. E, za ka san waɗannan. Amma tun daga aji biyu za a fara koya maka tuhumar duk abin da ka karanta. Tarihin Sarakunan Kano da Baturen mulki Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, wa ya rubuta shi tun asali, don wa, me ya sa ya cika da sarakuna ba ka cika jin ɗuriyar manomi da maƙeri ba? Labarin Bayajidda da muka taso muna ji, me yake nuna mana, me kuma ba zai iya tabbatarwa ba? Irin tambayoyin da manyan malaman tarihi Abdullahi Smith da marigayi Yusufu Bala Usman suka kafa a jami'ar Zariya ke nan, kuma da yawa daga malaman da za ka tarar, ko a ƙaramar makarantar, daga wannan tsatson suka fito.

Ni a aji huɗu idona ya buɗe sosai, lokacin kundin kammala digiri. Na zaɓi tarihin rini a garinmu. Babu littafi ko ɗaya a kan wannan, sai malamin da ke duba aikina ya ce, to je ka nemi masu shi. Na sayi goro na tafi tsohuwar karofi wajen wani dattijo da ya gaji rini kaka da kakanni. Ramukan marinar duk sun cike da shara sai uku. Har a lokacin, bayan ya bar aikin da daɗewa, akwai sauran shuɗin baba a gefen faratansa. Na buɗe littafi na ce, "Baba, a wace shekara ciniki ya fara ja baya?" Ya dube ni ya ce shi bai san shekara ba. Na koma gida gwiwa a sanyaye.

Malamina ne ya gyara mini. Ya ce dattijo ba ya ƙirga da lamba, da abin da ya faru yake ƙirgawa. Na koma na ce, "Baba, lokacin da Sarauniya ta zo, rami nawa ke aiki?" Nan take bakinsa ya buɗe. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956 ke nan. Kashe Sardauna, 1966. Komawar motoci hannun dama, 1972. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira, 1973. Da waɗannan turakun na ɗaure labarinsa duka, tun daga fataken da ke saye su yi arewa da baƙin yadi, har zuwa shigowar atamfar masaƙa da garin rini na kanti. Yini biyar na yi a gabansa. Bai kai shekara biyu ba bayan haka Allah ya yi masa rasuwa, kuma abin da ya faɗa mini babu shi a ko'ina sai a wannan kundin.

Daga nan na tara kuɗin mota na tafi Kaduna, ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa. Ka tabbata ka je kafin ka gama, ko da bashi ne. Za a kawo maka fayil ɗaure da zare, takardar ta yi ja, gefenta na marmashewa. A rahoton kimanta haraji na gundumarmu na ga Baturen mulki ya ƙirga marina da masaƙa da jakuna. Na yi ta murna, sai na tuna tambayar baranda: me ya sa ya ƙirga? Don ya ɗora haraji. To mai rami goma, idan ya san haka, goma zai nuna masa? Ka ga takardar Bature ba ta fi bakin dattijo gaskiya ba, sai ka gwama su. A Kadunan kuma akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna, wadda aka mayar cibiyar binciken tarihi, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ba a tambayar girman makarantarku kafin a bar ka ka karanta, takardar gabatarwa daga sashenku za ka riƙo.

Shawara ɗaya da nake jaddadawa: kada ka yar da karatun allonka. Mafi yawan abin da magabatanmu suka rubuta da Larabci ne da ajami, na Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u, har da wasiƙun sarakuna da takardun alƙalai. Ɗalibin da ke karanta su da kansa ya yi wa 'yan ajinsa nisa. Ni sai da na koma zaure wajen malamin unguwa na ƙara.

Maganar abinci kuwa, iyayenka ba ƙarya suka yi ba, babu kamfanin da ke jiran mai digirin Tarihi a bakin ƙofa. Yawancinmu koyarwa muka shiga bayan bautar ƙasa, ni ma ita nake yi, sai da na ƙara difloma ta koyarwa. An cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, gwamnati ta sanar da dawo da shi a 2022, don haka ana neman malamansa, ko da yake albashin ka san yadda yake. Cikin 'yan ajinmu akwai ɗan jarida, akwai masu aikin gwamnati, akwai wanda ke tattara bayanai a ƙauyuka wa ƙungiyoyin agaji, da irin hirar da muka koya a gaban dattawa. Biyu sun zarce digiri na biyu.

Idan har zuciyarka na kan Lauya, ba kuma don sunan ba, to ka sake JAMB, babu laifi. Amma kada ka saki gurbin da ke hannunka ka zauna gida; ka yi rajista, ka sake jarrabawar kana ciki. Kuma kafin a koma makaranta, ka sami wanda ya fi kowa tsufa a danginku, musamman cikin mata don su aka fi mantawa, ka kunna rikodar wayarka, ka tambaye ta yadda aka yi gidanku ya zo garin da kuke. Idan ka tashi daga gabanta kana da tambayoyin da suka fi waɗanda ka je da su yawa, ka dawo nan ka faɗa mini, zan turo maka sunayen littattafan da za ka fara da su a aji ɗaya. Allah ya yi maka zaɓin alheri.