Na rubuta "ba ruwana" a rasit, kan keken ya karye: akwai diyya a kaina?

Tambaya: Barista, ina haɗa kayan wasanni da zaren kabon (wani zare mai ƙarfi mara nauyi da ake shimfiɗawa da gam a gasa) a wani ɗaki a bayan gidana, galibi kan keken tsere da filafilin kwalekwale. Sha'awa ce kawai, ban yi rajistar kamfani ba. Wani abokin hawan kekenmu ya sayi kan keke a wurina, ya karye masa a gangare, ya faɗi ya samu karaya a kafaɗa. Yanzu yana neman kuɗin asibiti da na watannin da bai yi aiki ba, yana ta yaɗa hoton a zauren WhatsApp ɗinmu yana ambaton kotu. Amma na rubuta a rasit cewa duk abin da ya faru ba ruwana. Ai magana ta ƙare ko?

Amsa: Malam, ba ta ƙare ba, kuma gara ka ji haka daga bakina da ka ji daga bakin alƙali. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka abin da zan faɗa shimfiɗa ce, sai lauyan da ya ga takardunka ya tantance.

Wannan rubutu na rasit da ka jingina da shi ba lallai ya ɗauke ka ba. A Ingila, misali, dokar sharuɗɗan kwangila ta 1977 da dokar haƙƙin masu saye ta 2015 sun hana mai sana'a ya wanke kansa da rubutu idan sakacinsa ya jawo rauni ko mutuwa. Inda ma babu irin wannan doka, kotuna kan fassara irin wannan sharaɗi a ƙuntace, ba don amfanin wanda ya rubuta shi ba. Sannan yaushe ya ga rubutun? Idan sai da ya biya kuɗi ka miƙa masa rasit, ana iya cewa ciniki ya riga ya faɗa kafin sharaɗin ya iso.

Batun rashin rajista kuwa, ka ɗauke shi a juye. Kamfani shi ne katangar da kan raba bashin sana'a da dukiyar mai ita. Tunda babu shi, in an yanke diyya, aljihunka za a nufa. Wanda ke ƙera kaya yana sayarwa a kai a kai, da wuya kotu ta yarda cewa wasa yake yi. Tun shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda ƙasashe masu bin tsarin dokar Ingila suka gada, aka kafa cewa mai ƙera kaya yana da nauyin kula da lafiyar mai amfani da su. Tarayyar Turai ta ƙara gaba a 1985: idan kayan na da aibi ya yi rauni, ba sai an tabbatar da sakaci ba.

Wannan ba ya nufin ya ci shari'a tun yanzu, ko da yake yadda yake magana a zaure kamar an riga an yanke masa. Shi ne zai nuna cewa akwai aibi a kayan, kuma aibin ne ya kayar da shi. Ka fi ni sanin halin kabon: ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi irin na ƙarfe, ɓallewa yake yi lokaci guda. Dalilin na iya zama daga wurinka, kamar inda gam bai ratsa zaren ba, ko kumfar iska da ta maƙale tsakanin shimfiɗu, ko gashin da bai kai zafin da ake bukata ba. Yana kuma iya zama daga wurinsa. Masu ƙera kekuna da yawa kan ƙayyade ɗaurin notin da ke riƙe kan keke a wajen 5 Nm (Nm ma'aunin ƙarfin matse noti ne), kuma wanda ya matse shi da ƙarfin tuwo zai iya murƙushe zaren daga ciki. Faɗuwar da ya taɓa yi a baya ma kan bar tsaga da ido ba ya gani. Idan haka ta tabbata, ana iya rage diyyar gwargwadon nasa laifin. Sai dai za a tambaye ka: ka ba shi adadin ɗaurin a rubuce? Ka taɓa gwada kayanka bisa ma'aunin ISO 4210 na lafiyar keke? Kana ajiye bayanin kowane rukuni da ka gasa? In amsar duka a'a ce, ƙafarka ba ta tsaya sosai ba.

Kada ka nemi ya maido maka karyayyen don ka duba, balle ka yanka shi. Ku amince da wani masani da ba ya ɓangaren kowa ya bincika. Kada ka tanka masa a zaure, jaje daban, amsa laifi daban. Ka sanar da kamfanin inshorarka idan kana da shi, duk da cewa inshorar gida ba kasafai take rufe kayan sayarwa ba. Waɗanda suka sayi irin wannan kan keke kuwa, ka rubuta musu yau su dakata da hawa, domin rauni na biyu bayan ka san da na farko ya fi wuyar karewa.

Ni dai ina ganin sulhu ya fi muku. Kuɗin masani da na lauyoyi na iya zarce abin da kuke jayayya a kai, kuma ko ya yi shiru na ɗan lokaci ba ya nufin ya haƙura: a Ingila yana da shekara 3 ya shigar da ƙarar rauni. Ku sami mai shiga tsakani, ya kawo rasit na asibiti da shaidar albashin da ya rasa, ba adadin da ya faɗa da baki ba. Abin da kuka daidaita a rubuta shi, a bayyana cewa biyan ba amsa laifi ba ne kuma ya rufe duk wata da'awa kan wannan haɗari. Idan kuɗin ya yi maka nauyi, ka nemi a raba maka shi kashi-kashi, a saka ranakun biya a cikin takardar.