Fetur daga jikin dainaso yake?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa fetur ɗin da babansa ke zuba wa mota narkakken jikin dainaso ne. Gaskiya ne? Kuma dabbobin nan sun taɓa zama a ƙasar nan ta Saudiyya?
Maman Usman, Jidda

Amsa: Hajiya, ki gaishe min da Usman, tambayarsa ta faranta min rai ƙwarai. Amma maganar ba haka take ba: fetur bai fito daga jikin dainaso ba, wato dabbobin nan na zamanin da can da suka ƙare tun miliyoyin shekaru. Asalin ɗanyen mai ƙananan halittun teku ne da ido ba ya gani, irin su gansakuka. Suna mutuwa sai su kwanta cikin laka a ƙasan ruwa inda babu iska, ƙasa ta yi ta taruwa a kansu, zafi da nauyi su dafa su tsawon miliyoyin shekaru har su koma mai.

Inda Usman ya kusa gaskiya shi ne zamani. Man da ake haƙowa a Gawar, babban filin man da aka gano a 1948 a gabashin ƙasar nan, ya fito ne daga lakar da ta kwanta kimanin shekara miliyan 160 da suka wuce, lokacin da dainaso ke yawo a doron ƙasa. Sai dai a lokacin akasarin ƙasar Larabawa tana ƙarƙashin teku, su kuwa dabbobin tudu ne. Tekun da ya ba mu mai, shi ne kuma ya sa ƙasusuwansu suka yi wuyar samu a nan.

Duk da haka an samu. A farkon 2014 aka sanar cewa masana daga Jami'ar Uppsala ta Suwidin da wasu jami'o'i, tare da hukumar binciken ƙasa ta Saudiyya mai hedkwata nan Jidda, sun tono ƙasusuwa a arewa maso yamma, kusa da gaɓar Bahar Maliya. Shekarunsu kusan miliyan 72. Akwai ƙashin jelar wani mai dogon wuya da ke cin ganye, wanda ake jin tsawonsa ya haura mita 20, da haƙoran wani maci nama mai tafiya da ƙafa biyu, mai kimanin mita 6. Kaɗan ne, amma a wurina sun fi tuli daraja, domin su ne na farko da aka iya tantance danginsu a Saudiyya. Kuma a wancan zamani babu Bahar Maliya, ƙasar nan manne take da Afirka.

Idan Allah ya kai ku gida ta Yamai, ki kai Usman gidan tarihi na ƙasa ya ga ƙwarangwal ɗin dainaso da idonsa. Hamadar Nijar ta fi nan arzikin ƙasusuwa nesa ba kusa ba. A Gadufawa, cikin hamadar, aka tono Nigersaurus, wani dainaso mai haƙora kusan 500.