Biskit daga fakitin faten otsi na rage ƙiba

Kin tambaya ko fakitin faten otsi (wani nau'in hatsi) da ake sha a madadin abinci zai yi biskit. Zai yi, amma kada ki sa ran jin ƙaras-ƙaras. Mai da sukari ne ke sa biskit ya bushe da kyau, shi kuwa garin nan kusan otsi ne da furotin na madara, don haka da taushi zai fito.

Ki juye fakiti ɗaya a kwano, ki riƙa ɗiga ruwan sanyi, cokali 2 zuwa 3, har ya kama jikinsa. Ki baje shi sirara a takardar gashi, domin yana mannewa sosai. Ki gasa minti 10 zuwa 12 a zafin digiri 180 na Celsius. Da gefen ya soma ja ki fitar, furotin na madara saurin ƙonewa gare shi.

Ki duba bayan fakitin tukuna: in da aspartame, wani sinadarin zaƙi da ake sawa a madadin sukari, aka zaƙaƙa shi, zaƙin zai ragu a wuta. Zafi kuma yana rage bitamin C da B1, shi ya sa ban ga dacewar gasa kowane fakiti ba. Gasa ɗaya a rana ya isa. Ki kora da ruwa sosai, tunda ruwan damun ya tafi.