Kakarsa tana tauna masa nama kafin ta ba shi: in hana ta?

Tambaya: Likita, ɗana wata 7. Uwar mijina ta zo mana daga ƙauye, kullum sai ta tauna nama ta sa masa a baki. Na yi magana, ta ce haka ta raini 'ya'yanta tara. Maigidan kuma ya gani a Facebook wai miyau yana ƙara garkuwar jiki, yana hana borin jini. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, maganar maigidan tana da tushe, amma an ja ta fiye da tsawonta. A 2013 an bibiyi jarirai 184 a ƙasar Suwidin, aka ga waɗanda iyayensu ke tsotse robar tsotso su mayar musu sun fi ƙarancin ƙaiƙayin fata. Robar tsotso aka duba, ba taunannen nama ba, kuma binciken ƙarami ne. Hujja mai ƙarfi ita ce ta Landan a 2015, kan yara 640: fara ba su gyaɗa tun suna jarirai ya rage alajin gyaɗa, wato borin jinin da gyaɗa ke jawowa, da kusan kashi 80 cikin 100. Abincin ne ya yi aikin, ba miyau ba. Kunun gyaɗa mai laushi a cokali ya wadatar, banda ƙwayar gyaɗa, tana shaƙe yaro. In yana da ƙaiƙayin fata mai tsanani, ku fara ganin likita.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne amsar da nake sha kullum: "Ai Hajiya lafiyarta ƙalau." Da ido aka auna? Ni ba miyau nake tsoro ba, jinin da ke cikinsa nake tsoro. Ki duba asuwakin dattijuwa da safe, sau da yawa za ki ga bakinsa ya yi ja. Dasashin da ke jini a asuwaki zai yi jini a kan tsokar nama, shi kuma yaro mai wata 7 haƙori yake fitarwa, nasa dasashin a buɗe yake.

Ciwon hanta nau'in B, wanda ke yaɗuwa ta jini, yana zaune a jikin kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya, yawancinsu ba su sani ba. Suna noma, suna azumi, idonsu fari tas. Babba in ya kamu, galibi jikinsa yana korar cutar. Jariri kuwa, kusan 9 cikin 10 tana zame musu ta har abada, sai bayan shekara 20 ko 30 a ga ciki ya kumbura, a ce sammu ne. Daga nan sai wajen mai lasifika a tasha, da jarkar jiƙo, yana rantsuwa kwana bakwai shawara ta fita. Makon jiya wata ta zo mini da irin wannan jarka a leda, ta ce an riga an "wanke" mata hanta, don haka gwaji ɓarnar kuɗi ne. Na rasa ta inda zan fara. Jiƙo ba ya kashe wannan ƙwayar cuta, wani ma hantar yake ƙarasawa.

Ba hanta kaɗai ba. A 2009 likitoci a Amurka sun ba da rahoton yara 3 da ake kyautata zaton ta taunannen abinci suka kamu da HIV, kuma biyu daga masu tauna musu suna da dasashi mai jini. Ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori ma ta nan suke ƙaura.

Kada ki yi fito-na-fito da Hajiya. A zamaninta dabara ce mai kyau, don nama yana ba yaro sinadarin ƙarfen da kunu zalla ba ya bayarwa. Ki dafa naman ya yi laushi, ki daka a turmi mai tsabta, ki haɗa da faten dankali ko gwaten acca, ki miƙa mata kwano da cokali ki ce, "Hajiya, a hannunki ya fi ci."

Ki ɗauko katin rigakafinsa yau, ki tabbatar an yi masa allurar hanta ta ranar haihuwa da na mako 6, 10 da 14. Ke da maigida da Hajiya ku je gwajin hanta da na HIV tare, ke ki fara miƙa hannu, don kada ta ga kamar ita ake zargi.