Me ya sa ɗalibaina ke haɗa P da F, kuma kwatanta sautukan Hausa da na Turanci zai magance?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare a Gusau. Kullum sai na gyara wa yara P da F, su maimaita daidai, gobe kuma a koma gidan jiya. An ce mini in riƙa kwatanta tsarin sautin Hausa da na Turanci. Wannan zai yi amfani, ko ɓata lokaci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zai yi amfani ƙwarai, amma kai malami ne za ka yi kwatancen a gida, ka shigo aji da abin da ka gano. Kada ka cika allo da jadawalin sautuka ka ce yara su kwafa.

Yaran nan ba taurin kai suke yi ba, kuma bakinsu lafiya lau. Matsalar a kunne take. Hausa ba ta da P da F a matsayin sautuka biyu masu bambanta ma'ana. Sauti ɗaya gare mu, wanda muke rubutawa da F, kuma da leɓɓa biyu muke furta shi, haƙori ba ya taɓa leɓe. Shi ya sa yake yawo: wani ya ce fara, Basakkwace ya ce hwara, wani ya matse leɓɓan har ka ji kamar P, duk ma'anar ɗaya ce. Yaron da ya tashi a haka, kunnensa ya saba yin watsi da wannan bambanci. In ka ce masa "pan" sannan ka ce "fan", kalma ɗaya ya ji sau biyu. Kwaikwayonka yake yi a aji, shi ya sa gyaran ba ya kwana.

In kana son ganin inda Bahaushe zai yi tuntuɓe, duba kalmomin da muka aro, domin tsarin sautinmu ya riga ya bar sawunsa a kansu. Fensir, fenti, famfo, fasinja: duk da P suka zo, F ta karɓe su. Direba da V ta zo, ta koma B. Burodi, firamare, sukurdireba: Turanci yana jera baƙaƙe biyu ko uku a farkon kalma, gaɓar Hausa kuwa da baƙi ɗaya take farawa, sai muka cusa wasali a tsakani. Bokiti da kofi kuma wasali muka ƙara musu a ƙarshe. Larabci ma bai tsira ba. Harafin ض ya zama L a alƙali, alwala da larura, ط ya zama Ɗ a ɗalibi da shaiɗan, ث ya zama S a Usman da hadisi, ذ ya zama Z a zikiri.

Wannan hanya ta kwatance ta yi tashe ne bayan 1957, lokacin da Robert Lado na Amurka ya yi bayanin cewa abin da ya yi kama da harshen uwa zai zo wa ɗalibi da sauƙi, abin da ya saɓa kuma zai ba shi wuya. Daga baya masu bincike irin su James Flege suka nuna cewa maganar ba ta tsaya nan ba, kuma ni a nan nake ganin amfanin yake. Sautin da yake baƙo fil, ɗalibi yana lura da shi, ya dage har ya koya. Wanda ya yi kusa da nasa shi ne mai wahalar, domin zai ɗauka ya riga ya iya. P da F na Turanci duka biyun sun yi kusa da F ɗinmu, ba ɗayansu kuma da yake ita.

Saboda haka fara da kunne. Ka faɗi "pan, fan", "pool, fool", "pull, full", su kuma kada su furta komai, hannun dama su ɗaga in P suka ji, hagu in F. Ka juya musu baya ko ka rufe bakinka da littafi don kada su karanta leɓɓanka. Sai kunne ya fara rarrabewa sannan a zo kan baki. A nan ƙaramin madubi ya fi dogon bayani: F, haƙoran sama su hau leɓen ƙasa, iska ta yi ta fita, kana iya jan ta har numfashi ya ƙare. P, leɓɓa su rufe ruf, su buɗe lokaci guda, ba ta janyuwa. Yaro ya riƙe fallen takarda a gaban bakinsa, in P ɗin ta fita daidai zai ga takardar ta yi tsalle. V kuma F ce da aka sa wa murya, ya dafa maƙogwaronsa zai ji yana rawa. Minti biyar kullum ya fi darasi guda mai tsawo a mako.

Akwai wata dukiya a ajinka da malaman Turanci da yawa ba sa taɓawa. Galibin yaran suna zuwa Islamiyya, an koya musu mafitar haruffa a tajwidi. Sautin farko na "think" shi ne ث, na "this" kuma ذ. Yaron da ke cewa "sink" da "zis" da safe, da yamma yana fitar da harshensa tsakanin haƙora a gaban malamin Alƙur'ani. Ka ce masa kawai wannan ai ث ce, ka ga yadda fuskarsa za ta washe.

Ba kowane bambanci ne ya cancanci lokacinka ba. Jennifer Jenkins, a binciken da ta fitar a 2000 kan Turancin da baƙi ke yi da junansu, ta nuna cewa sauya sautin "th" ba kasafai yake hana fahimta ba, amma sauran baƙaƙe da tsawon wasali suna hanawa. To P, F, V da B su ne a gaba. Wasula suna biye: muna da biyar gajeru da biyar dogaye, ga ai da au, Turancin Ingila kuwa yana da kimanin 20. Sai dai a nan Bahaushe yana da jari. Wanda ya san bambancin gari na mutane da gari na tuwo ba zai sha wuya da "ship" da "sheep" ba, in an nuna masa. Haka Z da C, waɗanda Yarbanci ba shi da su, mu a gida muka same su.

Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne nauyin gaɓa. Mu da karin sauti muke aiki, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta, shi ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Bature kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa a kalma, ya raunana sauran har wasalinsu ya kusa ɓacewa. Ka sa su tafa hannu a kan gaɓar da aka danna, su ji yadda "record" ke sauyawa tsakanin suna da aikatau.

Ka kuma tuna cewa sashen furuci na jarrabawar WAEC ba da baki ake amsa shi ba, don haka sai sun san alamomin sauti. Ka koyar da alamar bayan sun ji sautin sun kuma furta shi, ɗaya ko biyu a mako. Allah ya taimaka, Malam.